Takardun talla biyar na manna, mutum bakwai ne kawai suka zo gwanjona

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah shawara nake nema. Shekararmu shida a Amurka, yanzu an yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa wata jiha, nan da wata ɗaya za mu tashi kuma kaya sun mana yawa ba za mu iya kwasa duka ba. Sai na ce bari in yi irin gwanjon nan da maƙwabta ke yi a bakin gareji ranar Asabar. Ni da 'yata 'yar shekara goma muka zauna a kwamfuta muka tsara takardar talla mai kyau kala-kala, muka jera duk abin da ke akwai, kujeru, gadon jariri, tukwane, keken yara, littattafai, ga adireshi ga lambar waya, muka buga guda biyar na manna a jikin falwaya da daren Juma'a. Anti tun takwas na safe har biyu na rana mutum bakwai ne suka zo, uku ma maƙwabta ne. Da na je cire takardun, biyu babu su, ɗaya kuma ta naɗe. Maigida ya ce in haƙura mu kai kayan Goodwill kawai, shagon nan da ke karɓar kyautar tsofaffin kaya. Ni kuma abin ya tsaya min a rai, har ina tunanin ko don sun ga mu baƙi ne ina sa hijabi. Saura Asabar uku mu tashi. In sake gwadawa ne ko in haƙura?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki sake, wallahi ki sake, kar ki kai kayan nan ko'ina tukuna. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma tun daga inda kika ce kun jera duk abin da ke akwai na gane inda gizo ke saƙar. Kayanki ba su da laifi, ke ma ba ki da laifi, takardar ce ba ta yi aikin da aka aike ta ba, shi kuwa wannan da kwali da maka ake gyara shi cikin yamma ɗaya.

Bari in fara da abin da ya fi damuna a saƙon, zancen hijabin nan. Ba zan ce miki babu masu irin wannan halin ba, akwai su, duk wadda ta daɗe a ƙasar nan ta taɓa cin karo da kallon da bai mata daɗi ba. Amma ki duba, mutumin da ke tuƙi a babban titi, layi uku ko huɗu tsakaninsa da gidanku, ta ina zai san wace ce ke zaune a bakin garejin? Bai gan ki ba, bai ga hijabinki ba, bai ma san ana gwanjo ba. Da a ce motoci hamsin sun shigo layinku sun rage gudu sun kalle ki sun wuce, toh da sai mu zauna mu yi wata maganar daban. Ke kuwa motocin ne ba su shigo ba kwata-kwata. Dan Allah ki cire wannan daga ranki, kar ki ɗora wa kanki kayan da ba naki ba. Mutanen nan fa suna son gwanjo fiye da yadda kike zato, kuma babu wani abin kunya a cikinsa a wurinsu. Akwai wanda ake yi duk shekara a bakin babbar hanya mai lamba 127, tun 1987 aka fara shi, kwana huɗu ake yi daga Alhamis ɗin farko ta watan Agusta, tsawonsa mil 690 daga Mishigan har Alabama, ya ratsa jihohi shida, mutane na barin gidajensu takanas su bi hanyar suna tsince-tsince. Masu saye suna nan, duk safiyar Asabar suna yawo a mota ido na ta neman allo. Naki ne ba su gani ba.

Kin rubuta takardar ne don mutumin da zai tsaya ya karanta, alhali wanda kike nema hannunsa na kan sitiyari. Motar da ke gudun mil 30 a awa tana cinye ƙafa 44 a daƙiƙa ɗaya. Injiniyoyin da ke tsara allunan titi a Amurka suna da lissafin da suke bi, duk inci ɗaya na tsayin harafi ana karanta shi daga nisan ƙafa 30, wannan ma fa ga allon da aka buga a masana'anta ne, ba rubutun hannu ba. Toh takardar firinta faɗinta inci takwas da rabi, tsayi sha ɗaya, kin cusa mata jerin kaya da adireshi da lambar waya, na tabbata haruffan ba su wuce rabin inci ba. Rabin inci ƙafa 15 kenan, direba ya shafe wannan kafin ya ƙifta ido, sulusin daƙiƙa. Ko ya hango wani abu mai kala a jikin falwaya zai ɗauka cigiyar kyanwa ce ko kare, don irin takardar da aka saba gani a wurin kenan. Yanzu ki ɗauki harafi mai inci shida, ƙafa 180 kenan, wajen daƙiƙa huɗu yana kallonsa, ya karanta, ya yanke shawara, ya sa sigina, ya taka birki. In kuma titin da ake gudun mil 45 ne, ƙafa 66 a daƙiƙa, huɗun nan ma ba ta kai uku ba. Kinga duk abin da za ki faɗa masa sai ya shiga cikin daƙiƙa uku, kuma a cikin ukun nan yana duba motar gabansa, ƙila yaro na kuka a baya.

Don haka abin da zai hau allon kaɗan ne ƙwarai. A sama ki rubuta MOVING SALE, wato gwanjon masu tashi, da manyan baƙi. Na zaɓar miki wannan a kan sauran kalmomin da ake sawa ne saboda gaskiya ce, tashi za ku yi, kuma masu bin gwanjo sun san mai tashi yana da kayan ɗaki kuma ba ya ja da farashi, shi ya sa kalmar ke jan su. A ƙasanta kibiya ƙatuwa. A can ƙasa rana da lokaci a taƙaice, kamar SAT 8-1, wato Asabar ƙarfe takwas zuwa ɗaya. Shi kenan. Lambar waya ki cire ta gaba ɗaya, babu mai kwafar lamba yana tuƙi, kuma ba na so lambarki tana rataye a titi kowa na gani. Jerin kaya ma ki cire, akwai inda za mu kai shi, zan zo kansa. Adireshi, in kina so ki sa sunan layin kawai a allon babban titi, sauran kuma kibiya ta wadatar. Na san zai miki wuya, za ki ji kamar allon ya yi fayau babu komai, hannunki zai riƙa ƙaiƙayi ki ƙara "kayan yara" ko "da araha" a gefe. Ki daure. Filin da kika bari babu rubutu shi ne ke sa ido ya kama wanda aka rubuta.

Ki sayi kwalin zane irin na 'yan makaranta, wanda aka saba sayarwa inci 22 ne da 28, a kusan duk shagon kayan rubutu ana samu. Ki kwantar da shi, faɗin 28 ɗin ya zama daga hagu zuwa dama. In kalmomi biyun sun matse a layi ɗaya ki rage na farkon ki bar SALE ta fi komai girma, inci shida zuwa takwas, don ita ce ido ke nema. Ki fara shata layi da fensir da rula, ki zana haruffan da fensir tukuna, saboda kusan kowa yana fara rubutu da girma sai ya zo ƙarshe ya ga fili ya ƙare ya matse harafin ƙarshe, daga nesa kuwa kalmar sai ta zama wani abu daban. Bayan nan ki bi da maka baƙa mai faɗin baki, irin ta Sharpie ɗin nan babba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne kauri, harafi ya yi tsayin inci shida amma siriri kamar zare, daga nesa ɓacewa yake. Kowane layi na harafin ya kai kaurin inci ɗaya, wato sai kin zana gefe da gefe kin cike tsakiya. Yana cin lokaci, yana shan tawada, ki sayi maka biyu. Ban da rubutun ado, ban da lanƙwasa, ban da haruffan nan masu kumburi da tsakiyarsu ba a cike ba.

Kala kuma, kwali mai ƙyalli, rawaya ko kore mai haske ko ruwan lemo, rubutu baƙi. Ki duba allunan gargaɗi na titi, baƙi ne a kan rawaya, ba a banza aka zaɓa ba. Rubutun rawaya ko hoda a kan fari ba ya fita ko a cikin ɗaki balle a rana. Ja a kan kore ma ki guje shi, kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu a Turawa yana da matsalar bambance waɗannan biyun. Abin da na fi so ki riƙe a nan, duk allunan su zama kala ɗaya, hannu ɗaya, tsari ɗaya. Ranar Asabar ba ke kaɗai ke gwanjo ba, a kwana ɗaya sai ki ga allo uku na gidaje uku, in naki na farko kore ne na biyu ruwan lemo, mutum zai bi na wani ya tafi gidan wani da kuɗin da ya fito da su dominki. In kuwa duk kore ne, daga na biyu ya daina karatu ma, koren kawai yake bi.

Yanzu kibiya, wadda ita ce rabin aikin. Ki ɗauka baƙo ne ya zo garin bai san ko'ina ba kin fita tarbo shi, duk inda hanya ta rabu sai kin nuna masa, ba za ki kai shi kwanar farko ki ce ya ƙarasa ba. Karo na farko da na yi nawa gwanjon, na rubuta allo babba mai kyau na kafa a babban titi, na kafa wani a ƙofar gida, na koma na zauna ina jira. Abin da ban lissafa ba, in an shigo unguwar akwai inda hanya ta rabu biyu, ni kullum nan nake bi har idona ya daina ganin wurin a matsayin mararraba. Wajen ƙarfe goma sai ga wata dattijuwa ta iso, jakarta a hammata, ta ce min sau biyu ta zaga kafin ta same ni, kuma a gabanta motoci biyu suka tsaya a mararrabar suka juya suka koma. Na ji abin har cikin raina, don tun asuba nake ɗaga kaya. Nan take na yanki kwali na zana kibiya kawai, ko kalma ɗaya ban sa ba, na je na kafa a wurin, kafin in dawo gida mota ta riga ni isowa. Tun daga ranar nake bin hanyar da idon baƙo kafin in rubuta allo ko ɗaya.

Ke ma haka za ki yi. Ki fara daga titin da ya fi yawan motoci kusa da ku, ki biyo zuwa gida kina ƙirga duk inda mutum zai iya tambayar kansa dama ko hagu, kowane ɗaya allo ne. In akwai miƙaƙƙiyar hanya mai tsawo tsakanin kwana biyu ki sa ɗaya a tsakiya da kibiya tana kallon sama, don mutum in ya yi tafiya bai ga komai ba sai ya fara shakka ya juya. In ana shigowa unguwarku ta hanya biyu, toh jeri biyu za ki yi. Wataƙila ki tashi da takwas ko goma, ba su yi yawa ba. Kibiyar kanta ta zama doguwa mai kauri, kanta babba a cike da baƙi, ta kusa cinye faɗin allon, yadda ko mutum bai karanta komai ba zai ga inda ta nuna.

Kuma kar ki zana kibiyoyin a gida. Ki rubuta komai ki bar filin kibiya, ki tafi da makarki, sai kin tsaya a wurin kin ga ta inda motoci ke zuwa sannan ki zana. A teburin falo dama da hagu suna rikita mutum, musamman in allon fuska biyu ne, don kibiyar da ta nuna dama a gaba, a baya dole ta nuna hagu kafin su biyun su nuna layi ɗaya. Wurin kafawa kuma a hannun dama na direba tunda dama ake tuƙi a nan, allon yana fuskantar motar da ke tahowa, ba yana kallon tsallaken titi ba. Ki sa shi kafin a iso kwanar da ɗan nisa, in a kan kwanar kika sa, kafin mutum ya karanta ya riga ya wuce, kuma ba kowa ne zai je ya juyo ba. Wuri mafi albarka shi ne inda dole mota ta tsaya, danja ko alamar tsayawa, a nan ne direba ke da lokacin karanta rana da lokaci. Ki dai kula kar allonki ya tare wa mai fitowa daga layi ganin hanya.

Takardarki da ta naɗe, raɓa ce da iska. Kwalin zane shi kaɗai ba shi da ƙashi, in ya kwana a waje da safe za ki tarar gefensa ya sha raɓa ya lanƙwaso ya rufe rabin rubutun kamar ganyen da ya yi yaushi, ga kuma famfunan ban ruwan ciyawa da ke tashi da asuba su jiƙa komai. Ai yanzu gidanki cike yake da kwalayen tashi, ki yanka ɗaya daidai girman allon ki manna a baya da salatif mai faɗi ta kowane gefe, in ana sa ran ruwa ki bi saman rubutun ma da salatif ɗin nan da ake ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Hanya mafi sauƙi ta tsayar da shi, ki samu kwali sukutum ki manna allon a jikinsa gaba da baya, ki jefa bulo ko galan cike da ruwa a ciki, ba haƙa ba bugawa, iska ba ta kayar da shi. Akwai kuma allunan roba masu inci 18 da 24 da ake sokawa a ƙafar waya, irin waɗanda 'yan siyasa ke kafawa a gaban gidaje lokacin zaɓe, ana sayar da farare a shagunan kayan gini, kuma in kin tambayi maƙwabta da wuya a rasa mai tsohon na zaɓe a garejinsa, ki rufe shi da kwalinki.

Biyun da suka ɓace kuwa, ina kyautata zaton cire su aka yi, kuma ba don ke ba ce. A garuruwa da yawa a Amurka haramun ne manna talla a jikin falwaya ko a jikin alamar titi, ma'aikatan gari suna zagawa suna cirewa, wani wurin har da tara, ke kuma ga adireshinki a jiki. Maganar ta taɓa kaiwa har Kotun Ƙoli, a 1984, magoya bayan wani ɗan takarar kansila a Los Anjeles suka kai ƙara saboda ma'aikatan birni sun cire allunansu daga falwayoyi, kotu ta ce birnin yana da ikon hanawa. Kuma akwai dalili na tausayi a ciki, ma'aikatan wuta suna hawa falwayoyin nan da safar hannu ta roba mai kare su daga lantarki, ƙusa ɗaya ko ɗan ƙarfen da aka bari a jikin itacen zai iya huda ta, ran mutum ne. Ki bar falwaya har abada. Ko 'yar ciyawar nan da ke tsakanin titi da hanyar masu tafiya a ƙafa, sau da yawa a hannun hukumar gari take. Abin da ya fi, ki ƙwanƙwasa wa masu gidan da ke kan kwana, ki gaishe su ki ce za ki sa allo a gefen filinsu daga safe zuwa rana ki cire, mafi yawa za su ce ba komai, wasu ma su zo su saya.

Kowane gari da dokarsa, don haka gobe goben nan ki buɗe shafin hukumar garinku a intanet ko ki buga musu waya ki tambaya, ana buƙatar takardar izini, allo nawa aka yarda, ina aka yarda a sa. Wasu garuruwan suna ƙayyade sau nawa gida zai yi gwanjo a shekara, tunda kin riga kin yi ɗaya ki tambayi wannan ma. In unguwarku tana da ƙungiyar masu gidaje su ma da tasu ƙa'idar, in haya kuke ki sanar da mai gidan. Sannan kar ki ce za ki bi gida-gida kina zura takarda a akwatin wasiƙa, dokar tarayya ta hana a sa abin da ba shi da kan sarki a ciki, na gidan waya ne kaɗai.

Rubutun ki gama shi tun Laraba ko Alhamis, ba a fafe gora ranar tafiya. Na farkon da kika gama, kafin ki yi sauran, ki kafa shi a bakin layi ki ce Baban yara ya ɗauke ki a mota ku wuce ta gabansa da gudun da ake yi a titin, shi yana tuƙi ya faɗa miki abin da ya iya karantawa. In ya ce bai kama lokacin ba ki ƙara masa girma, in ya ce kibiyar ba ta fita ba ki ƙara mata kauri. Ina so ki sa shi a ciki ne da gangan. Da ya ce a kai Goodwill, ni ban ji rashin kulawa a maganar ba, ya ga kin wuni a rana kin dawo ranki a ɓace, ga tashi a gabansa, yana so ya rage miki wahala ne. Ki ce masa a sake gwadawa kawai kike roƙo, abin da ya rage daga ƙarshe a kai, kuma aikinsa kafa alluna da safe. Namiji in an ba shi aiki takamaimai mai farko da ƙarshe ya fi saurin cewa toh.

Kafawa da sassafen Asabar ɗin, awa ɗaya kafin ki buɗe, bayan kin gama fito da kaya. In kin kafa tun dare raɓa ta samu, masu cirewa su samu, kuma dillalan nan masu sammako za su ƙwanƙwasa miki ƙofa tun shida kina sallah. Wajen ƙarfe goma wani ya zaga ya duba ko akwai wanda ya faɗi ko iska ta juya shi, allo ɗaya in ya faɗi a tsakiya duk na bayansa sun tashi a banza.

Jerin kayan da kuka wahala kuka rubuta bai ɓaci ba, gidansa intanet. Ki sa a Facebook Marketplace da Craigslist da Nextdoor tun Alhamis, da hotuna masu haske na manyan kayan, kujeru da keke da teburi, a nan ne za ki yi dogon bayani son ranki, a nan adireshi zai shiga. Ki rubuta a ciki cewa a bi korayen alluna, ko duk kalar da kika zaɓa. Ki kula da kwanan wata, su wata suke fara rubutawa kafin rana, 6/7 a wurinsu bakwai ga Yuni ne, in kin juya sai ki kira mutane wata rana daban. Gara ma ki rubuta sunan watan da harafi.

Kin ambaci gadon jariri, tsaya in ja hankalinki a kai. In irin wanda gefensa ke zamewa ƙasa ne kar ki sayar, kar ki ba da kyauta, tun 2011 aka hana sayar da irinsa a Amurka saboda jarirai sun rasa rayukansu a ciki, kuma tun dokar 2008 haramun ne sayar da duk kayan da aka yi wa kiranye daga kasuwa ko da a gwanjon gida ne. Ki duba sunan gadon da lambarsa a shafin CPSC, hukumar da ke kula da amincin kayan masarufi, kafin ki fito da shi, minti biyar ne.

'Yarki fa, kar ta ji kamar ita ta ɓata abin. Yarinya ta zauna ta zuba basirarta, ta ga an manna aikinta a titi, sannan ta ga babu wanda ya zo, na tabbata ita ma yana ranta ko ba ta faɗa ba, ga shi kuma za ta rabu da ƙawayenta da makarantarta. Ki ce mata takardarta ta kusa ce, ki buga ta ki manna a teburin karɓar kuɗi inda mutane za su tsaya su karanta da gaske. Ki ba ta cike haruffa da baƙi bayan kin zana, ki ba ta rubuta farashi a jikin kaya, in tana so ta ja nata ɗan teburin na kayan wasanta abin da ta samu nata ne. Balan-balan ma ita za ta hura, kalar allunan, a ɗaure biyu ko uku a allon ƙofar gida.

Shi allon ƙofar gida ya fi kowanne girma, kuma kayan da kansu talla ne, ki jawo kujerun da keken da duk wani abu babba zuwa bakin titi inda za a hango su daga mota, don akwai masu zuwa su rage gudu su leƙa ta taga, abin da suka gani a 'yan daƙiƙun nan ne zai sa su yi fakin ko su wuce. Motarku ki matsar da ita gaba a bar wa masu zuwa wurin tsayawa. Ki tanadi canji, takardun dala ɗaya da na biyar da sulallan kwata, a jaka a jikinki ba a kan teburi ba, ƙofar cikin gida kuma a kulle.

In kin tashi, kafin ki zauna ƙirga kuɗi, a je a kwaso allunan duka. Ki rubuta inda kuka sa kowanne tun da safe don kar a manta ɗaya ya kwana yana aiko mutane gidan da ba a komai, kuma wanda ya ba ki aron filinsa ya ga kin cika alkawari. Kar ki yar da su, in kaya sun rage kina da Asabar biyu a gaba, sai ki yanki kwali ki rubuta rabin farashi da manyan baƙi ki manna a kai. Abin da ya saura bayan nan a kai Goodwill ɗin kamar yadda Baban yara ya ce, manyan kayan ɗaki kuma ki kira Salvation Army ko shagon Habitat ReStore na kusa da ku, su ma masu karɓar kyautar kaya ne, a wurare da yawa suna zuwa da motarsu su ɗauka, amma ki kira da wuri don sukan ba da rana ne. Allah ya sa albarka a cinikin, ya kai ku sabon gida lafiya, ya sa can ta fi nan alheri. Ki rubuto min bayan Asabar ɗin, ina so in ji mota nawa suka shigo layin.